Mutumin da Ya Roƙi Zuciyar Barewa

Kafin Markusi Nappatuk ya buɗe ɗakin sanyi na garinmu da safe, sai ya fara biyawa ta gidan yayarsa Lisi. Ba gaisuwa kaɗai ke kai shi ba. Zai tarar ta ɗora shayi, ta jera masa allurai a kan tebur, shi kuma ya ja kujera kusa da taga ya dinga zura musu zare, yana soke su a jikin wani ɗan matashin kai, har ya tara mata abin da zai kai ta yamma. Duk wannan gaɓa ta tekun Hudson, a arewacin Kebek ta ƙasar Kanada, babu wadda ta kai Lisi ɗinkin takalmin fata, kuma da hannu take gani. Idonta na hagu bai taɓa yi mata aiki ba, na dama kuwa yana yi yana hutawa. Ɗinki bai taɓa gagararta ba. Kafar allura ce ta fi ƙarfinta tun tana budurwa.

"Hannunka ya fara rawa, ƙanena," in ji ta, in ta ji ya daɗe a kan allura ɗaya.

"Zarenki ne ya yi kauri, Yaya."

"Zaren bara ne fa."

"To bara ma kauri gare shi, kunyarki na ji ban faɗa ba."

Daga nan sai ya hau babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ya gangara bakin teku, inda ɗakin sanyi yake. Can maharba ke kawo rabon gari: kifi, dinya, da tuktu, barewar ƙasarmu. Can kuma zawarawa da tsofaffi da duk gidan da ba shi da maharbi ke zuwa su ɗauka. Markusi ne ke yankawa, shi ke naɗewa, shi ke wanke daɓe, shi ke leƙa ma'aunin sanyi kamar uwa mai taɓa goshin jariri. Ya haura shekara talatin yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa mabuɗi. Ba a taɓa kiransa gaban jama'a an tafa masa ba. Yawancinmu ba mu san shi da komai ba sai mabuɗi a wuya da ɗaurarriyar fuska, har muka laƙaba masa Sarkin Sanyi, kuma ba da niyyar yabo muka laƙaba ba.

A can ƙuryar ɗakin, inda sanyi ya fi cizo, akwai wata kanta da aka ɗaura wa jan ƙyalle. Kantar masu ciki ke nan. Duk maharbin da ya yi niyyar ba mace mai juna biyu kyautar nama, nan yake kawo shi ya kwana da kwanaki kafin a kai mata. 'Yan matan yanzu sun ɗauka tun kaka da kakanni haka ake yi. Ba haka ba ne. Da idonmu muka ga ranar da aka fara, kuma dariya muka yi wa wanda ya fara.

Tushen maganar idon Lisi ne. Wata shekara idonta na dama ya yi ja, gani ya dushe mata kamar ana hura hayaƙi, aka sa ta a jirgi zuwa kudu, Markusi ya raka ta. Likitan ido ya nuna masa hoton bayan idanunta, duk tabo, ya ce tun tana ciki abin ya same ta. Ya ce wata ƙwayar cuta ce ta shiga uwarsu lokacin da take ɗauke da cikin Lisi, ta ƙetara zuwa ga jaririya, kuma har yau tana nan kwance a gefen tabon, takan farka jefi-jefi ta ɗan ci gaba ta koma. Markusi ya sake duban hoton. Ya dai tuna cewa uwarsu, Elisapi, ba a garinmu ta girma ba. Tana ƙarama jirgin ruwa ya tafi da ita kudu saboda ciwon huhu, ba ta dawo ba sai da ta zama budurwa, harshenmu ma ya kusa kuɓuce mata. Lisi ce cikinta na fari.

Tun daga wannan tafiya ya zama alaƙaƙai ga ma'aikatan ɗakin shan magani. Duk sabuwar nas da aka turo mana, kafin ta gama kwance kaya ya iso da kifi a hannu da tambaya a baki. Wadda ta fi shan fama da shi ita ce Dalasi, ungozomarmu, 'yar gari, wadda ta yi karatun aikin. Ta yi masa bayani da baki, ta zana masa a bayan kwali, ta sake yi masa da baki, har ta ce in ya ƙara tambayarta sau ɗaya za ta ba shi rigar aiki ya zo ya karɓi haihuwa.

Sunan abar a bakin likitoci Tokzoplasma. Mu mun hutar da harshenmu, mai-barci muke ce mata. Ido ba ya ganinta. Asalin gidanta hanjin kyanwa, ta gida da ta daji, daga kashin kyanwa kuma take bin ruwa da ciyawa ta shiga tsuntsu da dabba. Mu da ba mu damu da kiwon kyanwa ba, sai ga shi ta fi yawa a jikinmu fiye da mutanen kudu, saboda ɗanyen nama muke so kuma ba mu da niyyar dainawa. Duk mace mai ciki Dalasi takan ɗebi jininta a aika a duba. In an ce alamar mai-barci na jikinta tun tuni, sai Dalasi ta yi ajiyar zuciya. In an ce babu, to nan hankalinta ke tashi. Mutane da yawa suna jin wannan a juye, kuma ban ga laifinsu ba.

Siasi na cikin waɗanda suka ji shi a juye. Jikar tsoho Tamusi ce, kawun Markusi, ƙanen marigayiya Elisapi. Tana ƙarama ubanta ya tafi da ita kudu, birnin Montreal, neman aiki, can ta tashi, can ta yi karatu, sannan ta dawo ta auri ɗan gari. Yarinya mai fara'a, mai son a so ta. Matan garinmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba mu iya ganin wanda ke son shiga cikinmu mu ƙyale shi ya shiga salin-alin. 'Yar Montreal muke ce mata. In ta riƙe wuƙa mu yi dariya, in ta yi magana mu gyara mata.

Wata safiya a ƙarshen bazara ta zo karɓar kifi, ciki ya fito, fuska fal murna.

"Baffa, sakamako ya dawo. Jinina fes, babu komai."

Markusi ya ajiye kifin. "Me Dalasi ta ce miki bayan nan?"

"Ta ce ban da ɗanye, sai wanda ya daskare sosai ko wanda aka dafa ya dahu. Na ji ta." Ta kama wasa da bakin rigarta. "Amma ka san gidan Kaka. In aka miƙo min na ce a'a, shi ke nan, na tabbata 'yar Montreal har in mutu. Kuma tunda ba ni da komai, ɗan kaɗan me zai yi?"

"Rashin komai ɗin ne matsalar, 'yata."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ta ɗauki kifinta ta tafi. Ya bi ta da kallo, ransa bai kwanta ba, domin ya san abin da ita ba ta gama aunawa ba. An duba cikin an ce mace ce, kuma tun ranar Tamusi ya yanke cewa sunan matarsa da ta rasu za a sa mata, Akinisi. A wurinmu wanda aka ba sunan mamaci, mamacin ne ya dawo. Tsoho ya riga ya fara gaida cikin da "matata, kin tashi lafiya?" Kuma duk gari an san abin da Akinisi ta fi so a duniya: zuciyar tuktu ɗanya, da ɗuminta.

Ba a yi mako ba sai ga muryar Tamusi a rediyon gari da tsakar rana, ƙarau kamar ta saurayi.

"Matan gari, ku zo gidana da wuƙaƙenku. Tuktu ya samu, kitse har wuya. Siasi, ki taho min da matata, na ajiye mata zuciya."

Markusi na tsakiyar yanka ya ji. Ya kashe injin yankan, ya tsaya. Mutum ne da ba ya son taro, ba ya son a kalle shi, ko a coci bencin baya yake zama. Ya yi tunanin kiran Dalasi, ya tuna ta raka wata mai naƙuda a jirgi. Ya yi tunanin zuwa ya yi bayani a gaban kowa, ya ga yadda za a yi: tsoho zai ji an ce namansa da cuta a gaban mata, Siasi kuma za ta ci don ta wanke kakanta daga kunya. Bai ko cire rigar ledar da yake aiki da ita ba ya hau babur.

Ya tarar an shimfiɗa kwalaye a tsakar ɗaki, mata sun kewaye nama a zaune a ƙasa, ana yanka ana hira. Tamusi na kan kujera yana kallo kamar wanda ya sayi duniya. Siasi na kusa da ƙafarsa, zuciyar na gabanta a kwano, a hannunta kuma wuƙar marigayiya Akinisi ce, irin tamu ta mata mai siffar jinjirin wata. Wata tsohuwa na cewa a nemo wa 'yar Montreal cokali mai yatsu, ana dariya, ita ma tana yi, amma iya leɓe.

Markusi ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, roƙo na zo."

A garinmu wanda ya buɗe baki ya roƙi nama ba a hana shi. Saboda haka ne ma mai mutunci ba ya roƙon abin da aka riga aka ajiye a gaban wani.

"Roƙi, ɗan 'yar'uwata. Ga cinya, ga haƙarƙari."

"Zuciyar nake so. Dukanta."

Mata suka dakata da yanka. Tamusi ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai da kake kwana a kan naman gari guda, abin bakin matata ka gani?"

"Shi na gani, Kawu."

"Ɗauki," in ji tsoho, ya kau da kai.

Sai bakin mata ya buɗe. Wata ta ce ashe Sarkin Sanyi ma yana da kwaɗayi. Wata ta ce a duba shi da kyau, ƙila shi ma ciki gare shi, ga tumbin nan. Markusi ya sunkuya ya ɗauki kwanon, kunnuwansa sun yi ja, sannan ya ce wa Siasi, "Taso ki riƙe min, ba zan iya tuƙi da kwano ba." Ta tashi ta bi shi, don ba a ƙin aiken Baffa. A ɗakin sanyi ya miƙa mata sabulu ya ce ta wanke hannu har gwiwa. Ta wanke tana kuka, ta ce ya kunyata ta.

"Ni na kunyata, ba ke ba," ya ce. "Ke ba ki ƙi kyautar kakanki ba. Ƙwace miki aka yi, kowa shaida ne."

Washegari da hantsi Tamusi ya zo da sandarsa. Bai yi gaisuwa ba. Ya ce a nuna masa inda aka kai abincin matarsa, in kuma an cinye a gaya masa ya san irin ɗan da 'yar'uwarsa ta bari. Markusi ya kai shi ƙurya ya nuna masa zuciyar a naɗe, ba a taɓa ko gefenta ba. Suka fito suka zauna a kan akwatunan kifi.

"Na san maganar ƙwaron nan taku ce, kai da Dalasi," in ji tsoho. "Tun kafin a haife ka nake feɗe tuktu. Na duba hantarsa, na duba huhunsa, na shinshina. Dabbar da ke da ciwo ba ta ɓoye min."

"Ba ta da ciwo, Kawu. Idonka bai yi ƙarya ba. Amma in tambaye ka, in guguwar ƙanƙara ta rutsa da kai a fili, me kake yi?"

"Tambayar yara."

"Gaya min dai."

"Tsayawa nake. In yanka ƙanƙara in yi ɗaki, in toshe ƙofa, in rage motsi, in dinga cin guzuri kaɗan-kaɗan har ta wuce."

"To ita ma haka take yi. Ranar da ta fara shiga jiki, gudu take. Ta kutsa nan ta hayayyafa, ta fasa ta fito, ta bi jini ta yi gaba. Sai jiki ya farga, ya tayar mata da zazzaɓi, ya turo masu tsaronsa, ya toshe mata hanyar abinci. Wannan ce guguwarta. Ita kuwa ba ta tsayawa faɗa. Kayan gininta na tare da ita tun farko, ranar kawai take jira. Dalasi ta ce masu bincike sun gano abu guda ne a cikinta ke ba da umarni, in ya motsa sai duk halinta ya juya. Ta nemi tsoka, ko zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko bayan ido, ta zagaye kanta da katanga, ta tara guzuri, ta kwanta. Daga nan sai dabba ta warke, ta yi ƙiba, gashi na sheƙi. Magani ma mai gudun yake kamawa, ba ya shiga ɗakin. Ka taɓa hango ɗakin ƙanƙara daga nesa bayan guguwa ta lafa?"

Tamusi ya girgiza kai. "Ba a gani. Fari ne a cikin fari."

"To ka gani. Sai wani ya ci naman, ruwan cikinsa ya narkar da katangar, ta farka ta kama gudu a sabon jiki."

"Akinisi ta ci wannan zuciya a kowane ciki nata. Wanne cikin 'ya'yana ne makaho?"

"Inna Akinisi tun tana yarinya take ci. Tata ta yi gudunta ta kwanta tun kafin ka fara zuwa zance, masu tsaron jikinta kuma sun san fuskarta. Ko sabuwa ta shigo, a bakin ƙofa za su tare ta. Ni ma an auna ni, tana nan kwance. Kai ma ina kyautata zaton tana jikinka, ga ka da ƙiba, gashi na sheƙi."

"Ka kiyaye ni, yaro."

"Ba abin da za ta yi mana muddin masu tsaronmu na tsaye. Amma Siasi ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. In ta shiga yanzu, kafin jiki ya farga ya tilasta mata kwanciya, tana iya bin jini ta ƙetara wurin matarka. Ita kuwa ba ta da mai tsaro ko ɗaya, idonta ma yanzu ake haɗa shi. Ba hana ta na yi ba, Kawu. Sanyin ƙuryar can ya fi ƙarfin katangar. In naman ya kwana da kwanaki a wurin, mai-barci ba ta sake tashi."

"Ƙwaro mai gina ɗakin ƙanƙara, kuma sanyi ke kashe shi?"

"Koyo ta yi, ba gado ta yi ba."

Tsoho ya fara dariya, sai dariyar ta yanke. Ya daɗe yana kallon kan sandarsa. Da ya yi magana, muryar ba irin ta rediyo ba ce.

"Uwarka ma a kudu ta girma."

Ya juya sandar a hannunsa, ya ci gaba.

"Tuktu na farko da na taɓa harbewa, tana da cikin Lisi. Ban tsaya ko wanke hannu ba, da gudu na kai mata, da ɗuminsa."

Markusi ya san wannan labari tun yana yaro, kuma tun ranar da ya ga hoton idon Lisi ya haɗa shi da abin da likita ya faɗa. Shekara da shekaru yana ɗauke da shi, bai taɓa sauke wa kowa ba, ko a jiyan da aka yi masa dariya a gaban mata. Ya matsa kusa da kawunsa.

"Ta ba mu labari, Kawu, ba sau ɗaya ba. Ta ce ranar ce ta san ta dawo gida. A shekarar nan duk gari sun kai mata nama, ruwan rafi ma ta sha kamar kowa. Ba wanda ya san ta inda abin ya shiga, ba kuma wanda zai sani."

Tamusi ya share fuska da bayan hannu, ya ce sanyin wurin nan ne ke sa mutum hawaye, ya kamata a gyara ƙofar. Ya tashi ya tafi.

Da kwanakin suka cika, muka ji abin da ba mu taɓa ji ba: muryar Markusi a rediyo, yana in-ina kamar mai neman aure. Ya ce matan da suka yi masa dariya su zo ɗakin sanyi da wuƙaƙensu, zai mayar da abin da ya roƙa. Muka je, rabi don nama, rabi don mu ga ƙarshen abin. Ya shimfiɗa kwalaye, ya fito da zuciyar a daskare tare da cinya guda, don kada Siasi ta ci nata daban mu ci namu daban. Muna zaune sai ga Tamusi. Ya ciro wuƙar Akinisi daga aljihu, ya fere zuciyar siriri-siriri da kansa, ya miƙa wa jikarsa yanka na farko.

"Gaya wa matata ta yi haƙuri, abincin ya huce," ya ce. "Daga yau duk wanda zai ba mai ciki nama, ya fara kawo shi nan. Ni na faɗa."

Siasi ta ci, ta ƙara, har tsohuwar nan mai maganar cokali ta ce a rage mata wani abu. Jan ƙyallen da ke kantar, daga ɗankwalin wannan tsohuwa aka yage shi a ranar.

Ko akwai mai-barci a cikin waccan zuciya? Ban sani ba, Markusi bai sani ba, kuma ba ma bukatar mu sani. Irin aikinsa ke nan: in ya yi kyau, ba abin da ke faruwa, wanda kuwa ya hana abu faruwa ba ya da abin nunawa. Shi ya sa muka daɗe ba mu gode masa ba, kuma wannan abin kunya ne a gare mu.

Markusi, kai ne ka ɗauki sunan makwaɗaici don kada yarinya ta zaɓa tsakanin idon 'yarta da ƙaunar danginta. Kai ne ka san maganar da za ta kayar da tsoho nan take, ka haɗiye ta, da ta fito da kanta kuma ka tare ta da hannu biyu don kada ta ji masa ciwo. Ba ka ce mu bar abincinmu ba, ba ka ce iyayenmu jahilai ne ba. Ka nemo wa al'adarmu wurin da za ta ɗan jira, sannan ta ci gaba da tafiyarta. A lokacin da injin ɗakin ya lalace ana tsakiyar zafi, mun gan ka kana bin gida-gida da naman kantar nan kana roƙon gurbi a firizar mutane, kana ja musu kunne kada wanda ya taɓa. Sarkin Sanyi, yau da yabo muke faɗa.

Shekaranjiya na biya gidan Lisi da safe. Gaskiya ce, hannun Markusi ya fara rawa, tabarau ma ya hau hanci. Yana ta fama da allura ɗaya sai ga Tamusi, tafiya da kyar, riƙe da hannun ƙaramar Akinisi da jakarta ta makaranta.

"Matsa, yaro," in ji tsoho. "Matata, nuna musu."

Yarinyar ta karɓi allurar, ta lashi bakin zaren, ta ɗaga wajen taga, ta zura shi tashi ɗaya. Ta ɗauki ta biyu.

"Ido irin na gidanmu," in ji Tamusi yana washe baki.

"Ni kuma 'yar gidan wa ce, Kawu?" in ji Lisi. Ta laluba ta kamo fuskar yarinyar, ta shafa girarta da babban yatsa a hankali. Markusi ya juya yana kallon teku.

Mun gode, ɗan Elisapi. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa hannunka ƙarfi. Wanda zai karɓi mabuɗin, ya karɓa har da halin. Mu kuma sauran, duk ranar da muka ga za a cutar da wani da sunan ƙauna, mu yi ƙarfin halin tuɓe takalmi a bakin ƙofa mu shiga, ko da dariya za a yi mana. Dariyar da aka yi wa Markusi ta daɗe da wucewa, Akinisi kuwa tana nan tana zura wa Lisi zare.